Yadda ake neman digiri na biyu a harkokin sufurin teku, da aikin da yake kaiwa gare shi

Kafin ka cike takardar neman shiga kowace jami'a, ka fara tambayar kanka ko aikin cikin jirgin ruwa kake so, ko kuwa na tudu, domin hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne. Digiri na biyu ba ya mai da mutum kyaftin. Wanda yake son tuƙin jirgi ko kula da injinsa, hanyarsa ita ce makaranta irin Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Ruwa da ke Oron a Jihar Akwa Ibom, sannan ya yi watanni yana aiki a kan teku, ya ci jarrabawar shaidar ƙwarewa bisa yarjejeniyar STCW ta 1978, wato ƙa'idojin duniya na horar da ma'aikatan jiragen ruwa. Na ga matasa da dama sun ɓata kuɗi da lokaci saboda babu wanda ya fayyace musu wannan tun farko, abin kuma yana damuna.

Digiri na biyu na masu aikin tudu ne: gudanar da tashar jiragen ruwa, dokokin teku, inshorar kaya, tsara jigila, da binciken lafiyar jiragen da suka shigo gaɓa. Makarantar da ta fi suna a wannan fanni ita ce Jami'ar Harkokin Teku ta Duniya da ke Malmo a Suwidin, wadda Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IMO, ta kafa a 1983. Karatunta wata 14 ne. Lauya kuwa ya dubi cibiyar koyar da dokokin teku ta IMO, wato IMLI, da ke Malta, wadda ta ware rabin gurabenta ga mata. Idan aljihu bai kai Turai ba, akwai Jami'ar Harkokin Teku ta Yanki a Akara, da kuma makarantar ƙasashen Larabawa da ke Iskandariyya.

Ga inda akasarin masu nema suke tuntuɓe. Tallafin karatu a Malmo, irin wanda gidauniyar Nippon ta Japan take bayarwa, ana ba da shi ne galibi ga ma'aikacin da hukumarsa ta gabatar, ta kuma amince za ta sake shi ya tafi, ya dawo bakin aikinsa. Saboda haka shawarata ita ce ka fara neman aiki, ko da ƙarami ne, a NIMASA, wato hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, ko Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, ko Majalisar Masu Jigilar Kaya, ko NIWA, hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedikwata a Lokoja, ka yi 'yan shekaru kana ganin yadda ake sauke kwantena da yadda kuɗin jinkiri yake hawa kan ɗan kasuwa kullum, kafin ka nemi karatun. Wanda ya taɓa riƙe takardar shaidar lodin kaya a hannunsa ya fi sanin abin da zai rubuta a wasiƙar neman gurbi. Ka kuma yi jarrabawar Turanci irin IELTS, ka fara haɗa takardunka da wuri, tun da tattara sa hannun shugabanni a ofis yakan ci makonni.

Kada nisan teku ya karya maka gwiwa. Kayan da ake sayarwa a Kantin Kwari da Singa, da yawansu ta tashar Apapa da ke Legas suka shigo, kuma ɗan kasuwar Maraɗi ya san hanyar Kwatano da Lome kamar tafin hannunsa. An buɗe tashar tudu, wato tashar sauke kwantena da ke nesa da teku, ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, sannan a 2023 ɗin ne aka kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku. Waɗannan tashoshi suna bukatar waɗanda suka san dokar kwastam da tsarin jigila, don haka idan lokacin zaɓen batun bincikenka ya zo, ka ɗauki matsala guda daga cikinsu, misali dalilin da ya sa kwantena take daɗewa tsakanin Legas da Kano, ka fara tara bayanai a kanta tun kana bakin aiki.