Shehu ko Chéhou: yadda muka tsayar da rubutun laƙabin 'yarmu

Ni malamin firamare ne a Kamba. Uwargidana 'yar Gaya ce, Bazabarma, kuma da Faransanci ta yi karatunta har sakandare. A gida Hausa muke yi, in danginta sun zo a juya Zabarmanci. Baki bai taɓa haɗa mu rigima ba, alƙalami ne ya so ya haɗa.

Ɗanmu na fari sunan mahaifinta ya ci, Usman, don haka ba ta iya faɗin sunan, aka ce Shehu. Ranar da ta kai shi rigakafi aka miƙo mata kati, ta rubuta Chéhou kamar yadda aka koya mata. Daga katin nan aka kwafa cikin rajistar makaranta. Malamin ajinsu, wanda ya saba da ch irin ta Turanci, ya ɗaga murya ya kira "Cehu". Yara kuwa me suke jira? Shekara biyu yaron nan yana amsa Cehu, kuma sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa kafin takardunsa suka koma Usman.

Da ƙanwarsa ta zo a ƙarshen 2023, iyaka na rufe saboda juyin mulkin da aka yi a Nijar cikin watan Yuli. Surukaina ba su sami zuwa suna ba, komai ta WhatsApp aka yi, wato a rubuce. Sai na ce wannan karon ba zan bari wani ya riga ni ɗaukar biro ba. Ga yadda muka yi, ko wani zai amfana.

Ka fara da kunne. Kafin ranar suna, ku zauna da matarka ku tsayar da laƙabin, sannan ku ji yadda tsofaffin gidajen biyu ke furta shi. Yarinyar sunan mahaifiyata ta ci, Hauwa'u. A nan ƙasarmu Hauwa'u Kulu ce, to amma Kulu ake kiran Inna da shi, ni kuwa ban isa in tsaya tsakar gida in ce "Kulu, zo nan" ba. Ya rage Ummi da Jidda. Ummi sun yi yawa a layinmu, in ka kira ɗaya huɗu za su waiwayo. Muka tsaya kan Jidda.

Daga nan sai gwaji, kuma shi ne zuciyar aikin. Rubuta sunan a takarda, ka miƙa wa wanda bai san abin da kuka zaɓa ba, ka ce ya karanta da ƙarfi. Kada ka furta masa, kada ka gyara masa. Ka nemi mutum ɗaya mai karatun Najeriya, ɗaya mai karatun Nijar. Ni na ba wani ɗalibina ɗan aji biyar, ita kuma ta tura wa ɗan yayarta a Dosso hoton takardar, ta ce ya karanta cikin saƙon murya. Ba rubutun da ya fi kyau a ido kake nema ba. Kana neman wanda ko an karanta shi da dokar wancan harshen, sunan ɗanka ne zai fito.

Akwai haruffan da su ne tarkon, kuma ba su da yawa. Abin da muke rubutawa u, Faransanci ou yake rubuta shi, shi ya sa Umaru ya zama Oumarou, Kulu ta zama Koulou. Sh tamu ita ce ch tasu: Shatu, Chatou. C tamu kuwa tch ce a wurinsu, don haka Cima ta koma Tchima, in kuma ka rubuta musu Cima sai su ce Sima. S ɗaya tsakanin wasula biyu z ce a Faransanci, dalilin da ya sa Musa yake Moussa, Isa yake Issa, tsohon shugabansu da muke ce wa Isuhu yake sa hannu da Issoufou. Sannan e ta ƙarshe ba sa furta ta sai an ɗora mata alama. Haɗa waɗannan biyun na ƙarshe ka ba ɗan lakwal, wato mai karatun bokon Nijar, sunan Asabe ya karanta, Azab za ka ji. Wa zai so a yi wa 'yarsa wannan?

Jidda ta tsallake. Ɗan Dosso ya karanta ta da j mai laushi, wadda dama kusan haka bakinmu na nan yamma yake fitar da ita. Maman Shehu ta so a sa Djidda, ta ce, "Malam, ai haka ake rubuta garin ma, Djeddah." Na ce to a gwada. Ɗalibina ya duba takardar ya ce "Dijidda". Ita da kanta ta yi dariya ta janye. Da a ce nawa rubutun ne ya faɗi a Dosso, da ni zan janye, kuma da wannan sharaɗin muka shiga gwajin tun farko. In ba ku yi wannan yarjejeniya ba, zancen ya tashi daga haruffa ya koma na dangin wa ya fi.

Wani abu da ban yi tsammani ba, ajami ya taimaka. Mun tsaya kan ko d ɗaya ce ko biyu, Jida ko Jidda. Limamin da ya raɗa sunan ya rubuta mana shi a ajami, ya ɗora shadda kan dal, magana ta ƙare. Duk gidajen biyu sun yi makarantar allo, saboda haka wannan rubutu ne da babu mai cewa na Ingila ne ko na Faransa.

In laƙabin na da harafi mai ƙugiya, irin Ɗanladi, Ɗanjuma ko Ƙarami, ka san cewa yawancin fom na kwamfuta ba sa karɓar ƙugiyar. A gida da waya ka rubuta shi daidai, akwai allon rubutun Hausa a Gboard, manhajar rubutu ta waya. Amma ka duba yadda sunan zai kasance in ƙugiyar ta faɗi, ka tabbata bai koma wata kalma ba. Ka kuma sani ko a Hausar boko akwai ɗan bambanci: abin da muke rubutawa 'y, a Nijar ƴ suke sa masa.

Sai kwalliyar zamani. Ƙanwata ta turo min Jeeddah da Jiddarh in zaɓa. Ban san inda r ɗin nan ta fito ba. Masu sa ee suna bin dokar Turanci ne, a Gaya kuwa babu mai karanta ee a matsayin i. In yarinya ta girma ta ga dama ta yi wa sunanta ado a Facebook, wannan ruwanta. Na iyaye shi ne su ba ta wanda kakarta za ta gane.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya lokacin Shehu ba rubutun ba ne, wurin da laƙabin ya shiga ne. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, katin asibiti, rajistar makaranta, NIN, duk sunan yanka kaɗai za ka sa, da rubutu iri ɗaya harafi da harafi. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN, kuma a nan ne ake ganin iyaye suna zarya saboda h ɗaya ko alamar ɗauri. Mu mun tsayar da Hauwa'u, na rubuta shi a ƙaramar takarda na sa cikin jakar asibitin uwar, don kada ranar da ba na nan a tambaye ta ta rubuta Haoua. In kuma kuna da niyyar yi wa yaron takardun Nijar, ku je da ta Najeriya a hannu ku roƙi a kwafa yadda take.

Da kun tsayar, ku riga kowa yaɗa shi. Daren da za a yi suna na tura saƙo ɗaya ga dangin biyu: sunan yanka, laƙabi, da muryata ina furta su. Haka aka buga a jikin kofuna da robobin da mata suka raba, kuma sai da na sa mai bugawa a Birnin Kebbi ya turo min hoto na duba kafin ya buga ɗari biyu.

Duk da haka surukata ta sa jikanta ya ajiye mata lambar uwar a waya da "Maman Djida", d ɗaya, dj a gaba. Na gani da aka buɗe iyaka muka je gaisuwa. Ban ce komai ba, ba wayarta za a kai JAMB ba. Ita kuwa mai sunan, yanzu da baki ya fara buɗewa, in ka tambaye ta sunanta Dida take cewa, Shehu ma ya fara kiranta haka.