Ga masu son komawa hawan keke ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Salam jama'a, wani ɗan uwa ya tambaya jiya wane keke mai giya zai saya, to ga ɗan abin da na gani, ni ma na yi shekaru ban hau ba sai bara na koma. Kar ƙyalƙyali ya ruɗe ku, waɗannan sabbin masu shok gaba da baya masu araha wallahi nauyi ne kawai, kana taka feda keken na lotsawa ƙarfinka na tafiya a banza. Gara na hannu mai shok a gaba kaɗai, in giyarsa ta kamfanin Shimano ce ma ya fi.

Ku nemi taya lamba 26, ita ce mai faci ke da ita ko'ina a Damagaram, kuma mai faɗi saboda rairayinmu, siririyar taya nutsewa take yi tun kafin ka fita Birni. Kafin ka biya ka hau shi, ka canza giya duka, ka matse birki, ka ɗaga shi ka juya taya ka ga ko tana rawa, sannan ka duba wajen walda ko akwai tsagewa don wasu fenti suke shafawa a kai. Nawa haka aka yi min, sai da na kama hanyar Mirya na gane.

Ka tsaya keken na tsakanin ƙafafunka, in ƙarfen sama na taɓa ka ya yi maka girma. Kuma ka rage 'yan jikkuna na sabuwar kaca da famfo da kayan faci, ƙaya ba ta raga wa kowa a nan.