Shawara ga masu haɗa shimfiɗu da yawa a zanen 3D guda

'Yan uwa, duk mai son ɗora shimfiɗun lissafi (wato siffofin da lissafi irin z = x² + y² ke fitarwa a 3D) biyu ko uku a zane ɗaya, ya fara da launi. Kowace shimfiɗa a ba ta launi ɗaya tak, nata na kanta. Launin bakan gizo da wasu manhajoji ke sakawa da kansu yana da kyau ga shimfiɗa guda, amma da zarar sun zama biyu sai ido ya rasa wacce ce wacce.

Sannan a mayar da su shara-shara. A manhajar MATLAB a sa FaceAlpha (ma'aunin shara-shara) a 0.5, kuma kada a manta da hold on (umarnin riƙe zanen da ke nan) bayan surf (umarnin zana shimfiɗa) na farko, in ba haka ba na biyu zai share shi. A manhajar GeoGebra ba wannan matsalar, kowane lissafi a layinsa kawai.

Ku gwada z = x² + y² tare da z = 4. Na farko kwano ne, na biyu faifai ne kwance da ya yanke shi, mahaɗarsu kuwa da'ira ce mai nisan 2 daga tsakiya. Ku tsayar da x da y daga -3 zuwa 3. In kun buɗe har 10, bakin kwanon zai haura 100, da'irar ta koma ɗan ɗigo a gindi.

Masu Matplotlib (kayan zane na yaren kwamfuta Python) ku yi hattara: yakan zana shimfiɗa ɗaya gaba ɗayanta a kan ɗayar ko da sun ratsa juna, sai mahaɗar ta fito ba daidai ba. Ni a ganina gara a lissafa layin mahaɗar daban, a zana shi da baƙi mai kauri, ko a koma Plotly, wata manhajar zanen.