Yadda na gyara matsalar inbata da ke mutuwa duk sanda aka yi ruwa

Alhamdu lillahi, an rabu da Bukar. Tun shigowar damina a nan Jos, da ruwa ya sauko sai inbatar gidanmu, wato na'urar da ke juya wutar sola da ta batir zuwa wutar gida, ta yi ƙara ta mutu, jikinta kuma yana ɗan jan mutum. An zargi batir, an zargi firji, duk lafiyarsu ƙalau.

Mai gyaran da na kira yana da takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki. Ya fara kashe burekar AC, wato makunnin da ke yanke irin wutar da ake amfani da ita a gida, ya kashe inbata, sannan ya yanke layin faifan sola da na batir. Ko a haka faifan na ba da wuta muddin akwai rana, shi ya sa ya hau rufi da safar roba. Can ya tarar bakin kwano ya yanke rigar waya ɗaya, jan ƙarfen a fili, ruwa na kwanciya a kansa. Wanda ya yi aikin farko bai sa wayar a bututu ba, bai kuma haɗa firam ɗin faifan da ƙasa ba. Ganganci ne tsagwaronsa.

Ya sauya ta da wayar sola mai kaurin 6mm² cikin bututu. Ya bi kowane firam da jikin inbata da waya mai kore da rawaya har zuwa sandar ƙarfe a ƙasa. Wajenmu dutse ne, sai bayan gida muka samu wuri mai laima. Burekar AC da aka liƙa a layin faifan ma ya cire, ya sa ta DC, irin wutar da faifan sola ke bayarwa, domin ta AC ba ta iya kashe tartsatsin wutar DC. Ya ƙara na'urar kariyar tsawa da RCD mai 30mA, wato na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurara, ya danna maɓallin gwajinta, nan take ta yanke.

Jiya an kwana ana ruwa, wuta ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Allah ya saka wa malamin nan da alheri.