Ka sayi ƙaramar DSLR? Ga yadda zaka ci moriyarta kafin ka fara zargin kyamarar

Maganar da nafi ji daga bakin wanda ya sayi kyamararsa ta farko itace "wallahi wayata ta fi ta fitar da hoto", kuma gaskiya a satin farko ba ƙarya yayi ba, domin waya tana gyara hoton da kanta tun kafin ta nuna maka, ta haska fuska ta goge ƙuraje ta zuba kala, ita kuwa DSLR, wato kyamarar nan mai madubi a ciki da ake canza wa lens, abinda ka gaya mata shi takeyi, in baka gaya mata komai ba sai tayi hasashe, hasashen nata kuma sau da yawa baya dacewa da fatarmu da farar shaddarmu da irin ranar da muke da ita.

Ina magana ne akan irin su Nikon D3100 ta 2010 da ƙannenta D3200, D3300, D3400 har zuwa D3500 ta 2018, sai ɓangaren Canon 1100D, 1200D, 1300D, 2000D da 4000D. In daga Amurka aka kawo taka zaka ga an rubuta Rebel T5 ko T6 ko T7, kar hankalinka ya tashi, 1200D ce da 1300D da 2000D aka canza musu suna kawai. Tun 2018 da kamfanonin biyu suka karkata ga marasa madubi, Canon da EOS R, Nikon da Z, waɗannan tsofaffin suka cika kasuwar na hannu, shiyasa yawancinmu a can muke saye.

To in baka saya ba tukuna, kaje da memorinka, kar ka yarda da "ai lafiyarta lau oga". Ka fara duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin shotar irin waɗannan, wato labulen da yake buɗewa ya rufe duk sanda ka danna hoto, an ƙiyasta mata wajen hoto 100,000 ne, tana iya wucewa tana iya kasawa, amma dai wadda tayi 15,000 da wadda ta sha biki tayi 90,000 ba kuɗinsu ɗaya ba. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, ka ɗauki guda ɗaya ka loda a shafukan da suke karantawa a intanet zasu faɗa maka, Canon ce sai an haɗa ta da kwamfuta da manhaja. Bayan haka ka kai lambar f, wato faɗin bakin lens, zuwa 22 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka zuƙo hoton ka duba, duk ɗigon baƙi da ka gani datti ne akan sensa, wato farantin da ke kama hoton a cikin kyamarar. Ƴan ɗigo kaɗan ba komai ana gogewa, amma layi mai kama da karce ka ajiye musu kayansu. Ka cire lens ka haska cikinsa da tocilan waya, in kaga wani abu kamar yanar gizo a jikin gilashin, fumfuna ce ta kama shi saboda danshi, shima a barshi.

Akwai abu biyu da masu sayarwa basa faɗa, wani lokacin ma su kansu basu sani ba. Canon 4000D da 2000D na farko-farko an cire musu babban fin ɗin tsakiya, wato ɗan ƙarfen da yake tada filas, a wajen ɗora filas, to filas mai araha na wasu kamfanoni da yawa baya tashi a kansu, ka leƙa saman kyamarar da idonka. Sannan in bidiyo kake so, D3200 da D3300 suna da ramin makirfo amma D3400 da D3500 basu da shi, haka 1300D da 2000D babu, gara ka nemi 600D ko 700D, su suna da shi har da sikirin mai juyawa.

Yanzu ga ta a hannunka. Abu na farko ka murɗa wannan zoben na sama ka bar koren Auto ɗin nan. Wasu zasu ce maka ƙwararre a M yake ɗauka, inda kai kake saita komai da hannu, ni ban yarda sabon shiga ya fara daga nan ba, kana can kana lissafi an shafa fatiha an watse. Ka saka a Av in Canon ce, A in Nikon ce. Anan kai kake zaɓar faɗin bakin lens, wato lambar f, ita kuma ta zaɓi saurin shota. Ƙaramar lamba irin 3.5 ko 1.8 baki a buɗe, haske da yawa, baya ya dushe. Babbar lamba irin 8 baki ya tsuke, na gaba da na baya duk su fito ras. Mutum ɗaya ka buɗe, jerin dangi sahu biyu ko uku ka koma 5.6 ko 8 in ba haka ba ƴan sahun baya su fito dishi-dishi, kuma yawanci anan manyan gida suke tsayawa.

Ga wajen da nakeso ka natsu, domin rabin hotunan da suke lalacewa a wajenmu anan suke lalacewa. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san fari ba bai san baƙi ba, duk abinda ya gani ƙoƙarinsa ya maida shi tsaka-tsaki kamar toka. To ango ya tsaya da babbar riga fara ƙal ta cika rabin hoton, abokansa ma duk farare, sai kyamara tace hasken nan yayi yawa ta rage, shaddar ta koma ruwan toka fuskar kuma ta nutse gaba ɗaya sai haƙora. Ba lalacewa tayi ba. Akwai maɓalli mai alamar +/-, a Nikon yana sama kusa da wanda kake danna hoto, a Canon yana baya an rubuta Av a jikinsa, ka danne shi ka murɗa zuwa +0.7 ko +1 ka sake ɗauka, zaka ga fuska ta dawo. Amma fa kar ka zarce, domin in farin ya ƙone aikin wuyan rigar nan da aka kashe wa kuɗi ya ɓace kenan, babu editin ɗin da zai dawo da shi, kuma mai riga zai lura kafin ya lura da fuskarsa. Shiyasa ka kunna gargaɗin nan da yake ƙyaftawa a sikirin, a Nikon ana kiransa Highlights a cikin setin duba hoto, a Canon in ka danna DISP ko INFO har jadawalin haske ya fito zaka ga wajen da ya ƙone yana ƙyafta baƙi. In ƙaramin waje ne a kafaɗa ƙyale shi, in gaban rigar ne duka ka rage kaɗan. Akasin haka kuma, mai baƙar abaya ko hoton dare, kyamara zata ƙara haske fiye da kima har baƙin ya koɗe, sai ka koma -0.3 ko -0.7. Da ka gama ka maida shi 0, domin baya komawa da kansa ko ka kashe kyamarar.

Ranar tsaka kuma, daga wajen 11 zuwa la'asar, ko wace kyamara ce wahala take sha. Hula ko goggoro ya jefa inuwa a ido, goshi yana ƙyalli, kowa ya yamutsa fuska. Ka ja mutane bakin inuwa, gindin bango ko ƙofar zaure, su fuskanci wajen da haske yake shigowa. In ba dama ka ɗaga ƙaramin filas ɗin kyamarar ko da rana ne ya cike inuwar fuska, a nan kam yana da amfani, da dare ne yake maida mutane kamar an kama su. Ka kula da kanofi mai launi, ja ko shuɗi ko kore, launinsa yana sauka a fuskar duk wanda ke ƙarƙashi, haka fitilun hol masu ruwan hoda da shanshanbale. A irin wajen nan nake cewa a ɗauka da RAW+JPEG, wato ta ajiye ɗanyen hoto da gyararre tare, yana cin memori sosai amma RAW ɗin zai baka damar gyara launin fata daga baya ba tare da hoton ya farfashe ba.

Hoto mai dishi-dishi kuma kafin kace lens ne ka duba lambar shota a cikin madubin leƙawa. Mutum a tsaye kar ta gaza 1/125, yara da masu rawa 1/250 zuwa 1/500, dawakin hawan sallah in sun zabura 1/1000. In ta faɗi ƙasa ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kama hasken sensa, kar kaji tsoron 1600, a D3300 zuwa sama ma 3200 yana ciyuwa, hoto mai ƴar tsakuwa-tsakuwa da ya fito da fuska yafi mai santsi da ya girgiza. Maganin girgiza, VR ko IS, da ke jikin lens rawar hannunka yake tarewa, baya tsayar da yaron da yake gudu. Fokas kuma kar ka bar mata zaɓi, abinda yafi kusa take kamawa, sai kaga robar ruwan da ke kan tebur ta fito tas amarya kuma babu. Ka zaɓi ɗigo ɗaya, na tsakiya shine mafi ƙarfi a duk waɗannan, ka ɗora a ido ka danna rabi ka gyara tsayuwar hoton ka ƙarasa dannawa. Abu mai motsi ka koma AF-C a Nikon, AI Servo a Canon.

Lens ɗin da take zuwa da shi, 18-55, mutane suna raina shi, ni bana raina shi, da rana a f/8 yana aiki mai kyau. Matsalarsa in ka zuƙo zuwa 55 bakinsa baya wuce 5.6, a ɗaki kuwa wannan duhu ne. Don haka in kuɗi ya samu kar ka canza kyamara, ka sayi lens mai 1.8, hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na 5.6, kuma shine yake narkar da baya ɗin nan da kake gani a Instagram kana cewa kyamararsu ce babba. Sai dai 50mm akan ƙaramar sensa yana matsewa, a Canon kamar 80mm yake a Nikon kamar 75mm, a tsakar gida dai-dai ne amma a ɗakin amarya da gado da kujeru suka cinye fili zaka jingina da bango baka samu mutum uku ba. Mai Nikon ya nemi 35mm f/1.8G DX, mai Canon in ɗaki ne aikinsa akwai 24mm f/2.8 STM. Masu Nikon ku kula da haruffa: jerin D3000 basu da injin fokas a jikinsu, to 50mm f/1.8D mai araha ɗin nan ba zai yi fokas da kansa ba, sai mai AF-S. Sannan AF-P baya aiki akan D3100 da D3200, kar a cusa maka.

Sai ƙura. Kyamarorin nan ba a toshe su daga ƙura da ruwa ba, lens mai zum kuwa zugazugin maƙeri ne, duk fita da shiga iska yake ja ciki da abinda ke cikinta, to ka ƙiyasta hunturu ko filin hawa. Kar ka canza lens a waje, in dole ne ka kashe ta ka kifa bakinta ƙasa kayi da sauri. Ka sayi ƴar robar nan mai hura iska, kar ka hura da baki yawu ne zai bi, kar kuma ka goge gilashi da gefen riga, ƙurarmu yashi ce karce takeyi, a fara hurewa sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Sensa dai kar ka kai mata yatsa ko auduga, in hurawa bata cire ba kai wa mai gyara. Da damina kuma danshi ne abokin gaba, ka samu roba mai murfi ka zuba ƴan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi ka riƙa ajiye ta ciki. Mota a rufe cikin rana ba wajen ajiya bane.

Batir ka samu biyu, da halin wutarmu ba sai an faɗa ba. D3500 ta ciri tuta anan, a gwajin kamfani tana kai hoto 1,550 da caji ɗaya, 1300D kuwa wajen 500, kuma duk wannan in kana leƙawa ta ido ne, in ka riƙe ta kamar waya kana kallon sikirin batir zai zube fokas ma yayi nawa. Jabun batir araha bata ado, in kaga ya fara kumbura yana wuyar fita jefar da shi kafin ya maƙale. Memori ramin ɗaya ne tak, babu na biyu da zai cece ka, gara 32GB guda biyu da babba ɗaya, ka kwafe hotuna waje biyu sannan kayi fomat a cikin kyamarar ba a kwamfuta ba. Mai bidiyo ya duba in tsarin bidiyonta yana kan NTSC ya maida PAL, hoto 25 a daƙiƙa shota 1/50, domin wutarmu 50Hz ce, in ba haka ba fitilu su riƙa rawa a bidiyon, kyamarorin da aka kawo daga Amurka sun fi zuwa a kan NTSC.

A wajen biki, musamman ɓangaren mata, ka tambaya kafin ka ɗaga kyamara, kuma kar ka ɗora hoton matar wani a shafinka don talla ba tare da izini ba.

Wajen turawa kuma manhajar SnapBridge ta D3400 da D3500 ƙaramin kwafi take aikawa waya, ya isa a saka a sitatus amma bai isa wanki ba. Ka sayi ƴar na'urar karanta memori mai shiga waya ka kwashi na asali, ka taɓa shi kaɗan a Snapseed ko Lightroom, banda goge fata har mutum ya koma roba, sannan a WhatsApp ka tura shi a matsayin dokumen ba ta galari ba, in ba haka ba zai matse shi, mai hoton yaje wajen wanki a buga masa babba ya fito a farfashe ya kira ka.