Yadda Za Ka Haɗa Python da Electron Don Sarrafa Sautin Makirfo Kai Tsaye

Manhajar da za ta riƙa ɗaukar tafsirin azumi a masallacin ƙauye, a ce a yankin Dambatta ko Ringim, tana bukatar fuska mai maɓallai da kuma ɓangaren sarrafa sauti. Electron, tsarin gina manhajar kwamfuta da JavaScript, ya fi sauƙi wajen fuska, yaren Python kuma ya fi kayan aikin sauti. Ƙa'ida ta farko: ɓangare ɗaya kaɗai zai riƙe makirfo. Ka bar wa Python.

Idan ka shiga gari inda intanet ke da ƙarfi, ka sauko da sounddevice (na ɗaukar sauti) da numpy (na lissafi) da umarnin `pip download`, ka zuba a filash. A kan Windows, sounddevice yana zuwa da PortAudio, wanda ke haɗa shi da na'urar sauti, a cikinsa.

Ka tsayar da tsarin sautin tun kafin ka rubuta komai: samfuri (awon sauti guda) 16,000 a daƙiƙa, layin sauti ɗaya (mono), `int16` (lamba mai bit 16). Kowane samfuri bayit 2 ne, wato bayit 32,000 a daƙiƙa. Gutsure mai milisakan 20 samfuri 320 ne, bayit 640. Ka buɗe `RawInputStream` da `blocksize=320`. In na'urar ta ƙi 16,000, ka buɗe ta a 48,000 ka rage daga baya. Idan ɓangarorin biyu suka saɓa a wannan lissafin, muryar malam za ta yi kauri tana jan jiki, ko ta koma kamar ta ƙaramin yaro.

A cikin `callback`, aikin da sounddevice ke kira duk lokacin da gutsure ya iso, kada ka yi aikin komai face kwafar bayit ɗin zuwa `queue.Queue`. Wani zaren aiki (thread) daban ne zai kwasa, ya tace, ya rubuta a `sys.stdout.buffer`. Duk jinkirin da aka samu a `callback` yana zubar da sauti, kuma ba ya dawowa.

A ɓangaren Node, wato injin JavaScript da ke cikin Electron, ka tayar da Python da `spawn` tare da `-u`, don kada ya riƙe bayanai yana jiran su taru. Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Bututun da ke kai bayanai daga Python zuwa Node bai san iyakar gutsure ba. Zai iya kawo bayit 640, ko 1,001. Ka riƙa tarawa, kana yankar 640 daidai, ragowar ta jira na gaba, sannan ka karanta da `readInt16LE`. Gocewar bayit ɗaya tak tana mayar da karatu shuuu. Haka `print` guda ɗaya zai cusa haruffa cikin sautin, don haka saƙonni su bi ta `stderr`, bututun saƙonnin kuskure, kuma lallai Node ya riƙa karanta shi, in ba haka ba bututun ya cika Python ya tsaya cak.

Sai matsalar wuta. Gurnanin da ake ji idan an tada janareto yawanci na 50 Hz ne da ninkinsa. Cire cajar kwamfutar ka saurara; in ya ɗauke, ta nan yake shigowa, sai a yi ɗaukar da batir. Matatar da ke yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz tana ragewa, amma ba ta kashe na 100 da 150. Kada kuma ka jona wayar lasifika daga amfilifaya zuwa ramin makirfo, za ta iya ƙona shi. Ka ɗauka daga ramin `line out` zuwa ƙaramin katin sauti na USB mai `line in`.

In sifiri kawai ke shigowa, duba izinin makirfo a saitin sirri na Windows. Idan an rufe manhajar kuma, ka kira `kill()`, don kada Python ya ci gaba da riƙe makirfon a ɓoye.