Yadda za ki haɗa jinyar maigida da kula da yara

Ranar da aka sallamo maigida daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, kowa sai barka yake yi, amma ke kin san yanzu aikin ya fara. A can akwai ma'aikatan jinya. A gida kuwa ke ce nas, ke ce mai girki, ke ce mai shirya yara makaranta kafin ƙarfe bakwai. An ce taura biyu ba ta taunuwa, ga shi an cusa miki su a baki.

Ki fara da takarda da biro. Ki rubuta abin da yini ɗaya yake buƙata da lokacinsa: maganin safe da na dare, juya shi duk bayan awa 2 idan ba ya iya motsawa don gudun gyambon kwanciya, wanka, ranar zuwa gashi (wato motsa masa gaɓoɓi a asibiti), ranar ganin likita. A ɗaya gefen ki sa na yara: boko, Islamiyya, abinci, wanki. Sai ki ja layi ƙarƙashin waɗanda ke kaɗai za ki iya yi. Za ki ga ba su kai yadda kike zato ba.

Mataki na biyu shi ne mai wuya, domin sai kin ajiye kara. 'Yan dubiya za su ce, "In akwai abin da ake buƙata a faɗa mana." Mu kuma mun saba da "babu komai, mun gode." To, akwai komai. Ki ba kowa aiki mai suna da rana. Ƙanin maigida ya riƙa zuwa da safe ya ɗaga shi zuwa banɗaki, don aikin na ƙarfi ne, kuma wani mijin ya fi sakewa da ɗan'uwansa namiji. Yaranki su bi na maƙwabciya zuwa Islamiyya. Idan da abokiyar zama, rabon kwana ya koma rabon jinya, a ajiye kishi zuwa wani lokaci. Kuɗin magani kuma a riƙa tura rasit a zauren WhatsApp na dangi. Hakan yana jawo gudummawa, yana kuma toshe bakin mai cewa ina aka kai kuɗin.

Na uku, ki gaya wa yara gaskiya daidai hankalinsu. Yaron da ya ga Abbansa yana magana baki a karkace, aka ce masa "ba komai", shi zai ƙirƙiro wa kansa amsa, kuma takan fi gaskiyar ban tsoro. Ki ce masa ciwon ba a ɗauka, ba laifin kowa ba ne, sauƙin kuma a hankali yake zuwa. Ki ba su ɗan abin yi: wannan ya matsa masa ƙafa, wancan ya karanta masa surar da aka biya musu yau. Manyan ki koya musu alamun dawowar ciwon, wato baki ya ƙara karkacewa, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a manna lambar wanda za a kira a bango, a tafi asibiti nan take. Magunguna kuwa a sama, inda hannun ƙarami ba ya kaiwa.

Abu ɗaya nake roƙo: kada babbar 'yarki ta zama uwar gida ta biyu. Ta taimaka, amma kada a cire ta daga makaranta saboda jinya.

Ki ware wa yara lokacin da ba ya motsi, ko da minti 20 ne bayan Magariba, waya a ajiye, a ji labarin makaranta. Masu dubiya a sa musu bayan La'asar. Wanda ya kawo sassaƙe ko jiƙo a yi masa godiya, amma ba a dakatar da maganin hawan jini, kuma a tambayi likita kafin a haɗa.

Saura ke. Ki roƙi mai gashi ya nuna miki yadda ake ɗaga majinyaci ba tare da bayanki ya tashi aiki ba. Dare ɗaya a mako wani ya karɓe ki, ki rufe ƙofa ki yi barci. In an gama auna jinin maigida, ki miƙa naki hannun a auna.